'Yan Amsa Kira: Mutum-mutumin Kabari da Tunanin Lahira a Tsohuwar Masar

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Masar tun yana ƙarami, ta hanyar ƙissar Annabi Yusufu da ta Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare su. Sai dai sanin namu yakan tsaya a kan Fir'auna da girman kansa, da kuma dalar nan ta Giza da muke gani a hoto. Su kuwa mutanen da Fir'aunonin suka mulka, da abin da suke fata, da abin da yake hana su barci, ba mu cika tambaya ba.

A wannan maƙala za mu ɗauki wani ɗan ƙaramin abu mu bi diddiginsa, wato mutum-mutumin da Misrawa suke sa wa mamaci a kabari, wanda suke kira shabti, ko shawabti, ko ushabti. Yawancinsu tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba, wasu ma ba su fi ɗan yatsa ba. An shafe kusan shekara dubu biyu ana yin su, kuma a yau da wuya ka shiga babban gidan tarihi a duniya ka rasa su. Tun da farko ya kamata a san cewa shabti ba gunki ba ne, domin ba a bauta masa, ba a roƙonsa kome. Ɗan ƙwadago ne. Abin da muke so mu gano shi ne dalilin da ya sa mutumin da yake tsammanin shiga gidan ni'ima zai ga lalle sai ya tafi da ɗan ƙwadago. Shekarun da za mu ambata na kafin haihuwar Annabi Isa za mu sa musu alamar K.M., wato Kafin Miladiyya, kuma yawancinsu ƙiyasi ne na masana.

Mutum a Tunanin Misrawa

Misrawan da suna ganin mutum haɗin abubuwa ne da dama. Akwai gangar jiki. Akwai ka, wato ƙarfin rai da ake haihuwar mutum da shi, wanda yake bukatar ci da sha ko bayan mutuwa. Akwai ba, wanda ya yi kusa da abin da muke kira kurwa, suna zana shi kamar tsuntsu mai kan mutum, yana fita daga kabari da rana ya dawo ga gawa da dare. Sannan akwai suna, da inuwa, da zuciya, wadda a wurinsu ita ce mazaunin hankali da tunani. Idan aka yi wa mamaci duk abin da ya kamata, sai ya zama ak, wato ruhi mai haske wanda ya tsira.

Tunda ba yana bukatar inda zai dawo, tilas ne a hana gawa ruɓewa. Wannan ne asalin busar da gawa. Aikin yakan ɗauki kwana 70. Ana cire hanta da huhu da tumbi da hanji a zuba su a tuluna huɗu, a zaro ƙwaƙwalwa ta hanci a yar, amma zuciya a bar ta a ƙirji. Sai a lulluɓe gawar da kanwa wajen kwana arba'in har ta bushe, a shafe ta da ƙaro da mai, a naɗe ta da ƙyallen kittani. Kanwar nan dangin wadda muke jiƙa wa dabbobi ce muke sa wa a tuwo, su suna ɗebo tasu daga wani kwari da ke yamma da bakin Kogin Nilu, wanda har yau ake kira Wadi Natrun.

Hukunci da Dausayin Iyaru

Busar da gawa kaɗai ba ta isa ba, sai an wuce shari'a. Bayanin wannan shari'a yana cikin tarin addu'o'i da surkulle da ake rubutawa a takardar bardi a sa wa mamaci. Wani Bajamushe, Lepsius, shi ya raɗa wa tarin suna Littafin Matattu a 1842, ya kuma sa wa babobinsa lamba. Su Misrawa suna kiransa littafin fitowa da rana. Kwafin da ya fi shahara shi ne na wani magatakarda mai suna Ani, wanda aka rubuta wajen 1250 K.M., tsawonsa kusan mita 24, an saye shi an kai Landan a 1888.

A babi na 125 ana nuna mamaci ya shiga zaure gaban Usiris, sarkin matattu, da alƙalai 42. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana kore wa kansa laifuffuka, irin su kisan kai, da sata, da ƙarya, da tauye mudu, da tare wa maƙwabci ruwan ban-ruwa. Sai Anubis mai kan dila ya ɗora zuciyarsa a sikeli, a ɗaya gefen kuma gashin jimina, alamar Ma'at, wato gaskiya da daidaito. Tot mai kan jinjimi yana tsaye yana rubuta sakamako. A gefe guda ga wata dabba a tsugune, Ammit, mai kan kada da ƙirjin zaki da ƙugun dorina. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, ita za ta haɗiye ta, shi ke nan ya mutu mutuwa ta biyu wadda babu tashi bayanta.

Musulmi mai karatu zai ji wannan ya tuna da Mizani. Lalle akwai kama ta fuskar cewa mutum zai amsa abin da ya aikata. Amma a yi hattara da kwatancin, domin waɗannan mutane masu alloli barkatai ne, kuma suna ganin ana iya yi wa shari'ar dabara. Sukan sassaƙa dutse da siffar buzuzu su ɗora a ƙirjin gawa, a rubuta masa babi na 30, wanda yake lallashin zuciya kada ta tona asirin mai ita a gaban alƙalai. Wannan hali na neman mafita ta hanyar rubutu da siffa, shi ne za mu sake gani a wajen shabti.

Wanda ya tsallake shari'a sai ya shiga Dausayin Iyaru. Iyaru ciyawar bakin ruwa ce, dangin iwa da kyauro. Wannan dausayi Masar ce aka ɗauko aka kyautata: ga kogi, ga magudanai, ga gonaki, babu fari babu fara, sha'ir yana kai tsawon kamu biyar. A kabarin wani magini mai suna Sennejem, wanda aka buɗe a 1886 a Dairul Madina, an zana shi da matarsa sanye da fararen kaya suna huɗa da shanu, suna shuka, suna girbi, fuskarsu a sake. To, a nan matsalar take. Idan lahira tana da gona, tana da noma. Idan tana da sarki, tana da masu kiran mutane aikin sarki.

Aikin Tilas

Rayuwar Masar a kan ambaliyar Nilu ta dogara, har zuwa lokacin da aka gama madatsar Aswan a 1970. Kowace shekara ruwa yakan cika ya malale gonaki, ya janye ya bar laka. Bayan janyewarsa sai an sake gyara matsarin ruwa, an yashe magudanai, an sake auna iyakokin gonaki. Ban da wannan ga fasa dutse, ga jan sa, ga ginin gidajen bauta da kaburburan sarakuna. Hukuma ba ta da kuɗin tsaba da za ta biya lada, domin ba a fara buga kuɗi a Masar ba sai can ƙarshen zamanin Fir'aunoni. Abin da take yi shi ne ta rubuta sunayen mutane gari gari, ta ɗebe su su yi mata aiki na wani lokaci, tana ba su gurasa da giya.

Akwai shaidar da ta nuna yadda mutane suka ɗauki wannan aiki. Wata takarda da ke gidan tarihi na Brooklyn a Amurka, wadda aka fara rubutawa a zamanin Amenemhat na Uku, wajen 1800 K.M., tana ɗauke da sunayen mutum 76 na kudancin Masar da suka gudu daga aikin hukuma. Idan mutum ya gudu sai a kama iyalinsa a tsare har ya dawo, idan kuma aka tabbatar da gangan ya tsere, ana iya yanke masa hukuncin yi wa hukuma aiki har iyakar ransa. Mai hali kuwa yana da hanyar kuɓuta, ko dai muƙaminsa ya kare shi, ko ya tura wani a madadinsa.

A daidai wannan zamani ne aka fara rubuta addu'ar shabti. Ta fara bayyana a jikin akwatunan gawa, daga baya ta zama babi na 6 na Littafin Matattu. Abin da ta ƙunsa shi ne umarni ga mutum-mutumin, cewa idan aka ƙirga mai shi cikin waɗanda za su yi aiki a ƙasar matattu, na noman gona, ko shayar da gaɓar kogi, ko jigilar rairayi tsakanin gabas da yamma, to shi ya tashi ya amsa a madadinsa. Masana sun yi saɓani a kan jigilar rairayin nan. Wasu sun ce kwashe yashin da iska ta zuba a gona ake nufi, wasu sun ce ɗaukar ƙasa don ɗaure matsarin ruwa. Ko wanne ne, aikin ɗaukar kaya ne a ka da kafaɗa. Kalmomin da addu'ar ta yi amfani da su, na ƙirga da kiran suna, kalmomin magatakardan hukuma ne. Ke nan Bamisre bai ji tsoron noman gonarsa a lahira ba, tunda ga Sennejem yana yi da murna. Abin da yake tsoro shi ne a kira sunansa a layi.

Abin da Ya Gabaci Shabti

Tunanin tafiya lahira da masu hidima ya girmi shabti nesa ba kusa ba. A gidan sarauta na farko, wajen 3000 K.M., sarakuna suna tafiya da mutane na gaske. A Abidos an sami ƙananan kaburbura fiye da 300 kewaye da kabarin Sarki Jer, kuma alamu sun nuna cewa aƙalla wasu daga cikin barorin da ke kewaye da sarakunan wannan gida kashe su aka yi don su raka ubangidansu. Wannan mummunar al'ada ta mutu tare da gidan sarautar. Sau da yawa akan ji ana cewa shabti ne ya maye gurbin waɗannan bayin Allah, amma tsakanin abubuwan biyu akwai kusan shekara dubu, saboda haka ba za a ce ɗaya ne ya haifi ɗaya kai tsaye ba.

A Tsohuwar Daula, zamanin masu gina dala, manyan ma'aikata sukan sa a sassaƙa musu barori da farin dutse: mace tana niƙa, namiji yana tace giya, wani yana gasa gurasa. Daga baya aka koma yin su da itace, ƙungiya ƙungiya. Mafi kyawunsu su ne na kabarin Meketre, wani babban bafade da ya rasu wajen 2000 K.M., waɗanda aka gano a 1920 a wani ɗan ɗaki da ɓarayi ba su lura da shi ba. Akwai masaƙa, da mahauta, da rumbu da magatakarda suna rubuta awo, da jiragen ruwa, da shi kansa Meketre a zaune a rumfa ana koro shanunsa ana ƙirgawa. Waɗannan duka aikinsu ciyar da ka ɗin maigida ne. Shabti kuwa aikinsa daban, shi tsakanin maigida da hukumar lahira yake tsayawa.

Daga Madadi Zuwa Bawa

Shabti na farko, na Daular Tsakiya, guda ɗaya ne ko biyu a kabari. Wasu na kakin zuma ne ko laka, daga baya aka yi na dutse da na itace. Siffar naɗaɗɗiyar gawa gare shi, an rubuta masa sunan mamacin da muƙaminsa, wani lokaci har a naɗe shi da ƙyalle a sa shi a ɗan akwatin gawa nasa. Ba ya riƙe da kayan aiki. A wannan mataki shabti shi ne mamacin kansa, wato wani jiki na biyu da zai fita idan an yi kira, ya kuma zama mafaka ga ba idan gawa ta lalace.

A Sabuwar Daula, wadda ta fara wajen 1550 K.M., abin ya fara sauyawa. Daga wajen 1400 K.M. sai aka fara ba shabti fartanya a hannu da jakar iri ko kwando a baya, wani har da sanda da tuluna biyu na ɗaukar ruwa. Yawansu kuma ya ƙaru. Sarakuna ma, waɗanda ba wanda zai ce su yi aikin tilas a duniya, suka shiga yi. Ahenaton, sarkin da ya watsar da bautar Usiris ya ce rana kaɗai za a bauta wa, shi ma an sami gutsattsarin shabtinsa fiye da 200, sai dai babu addu'ar a jikinsu, sunansa da laƙabinsa kawai. Wannan ya nuna yadda al'adar ta kafu, har wanda ya rushe aƙidar da ta haife ta bai iya rabuwa da ita ba.

A kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a watan Nuwamba na 1922, an sami shabti 413, tare da ƙananan kayan noma fiye da 1,800. Lissafin yana da ma'ana. Shekarar Misrawa kwana 365 ce, wata goma sha biyu masu kwana talatin talatin da ƙarin kwana biyar, makonsu kuma kwana goma ne. An fassara adadin da cewa ma'aikata 365, ɗaya ga kowace rana, da shugabanni 36, da wasu 12 na wata wata. Shida daga cikin mafi kyawu kyauta ce daga manyan fadawansa biyu, Maya ma'aji da Nahtmin sarkin yaƙi, sun rubuta sunayensu a ƙarƙashin ƙafafun.

Bayan faɗuwar Sabuwar Daula, wajen 1069 K.M., wannan tsari ya zama na kowane mai hali. Cikakken saiti shi ne 401, wato ma'aikata 365 da shugabanni 36, kowane shugaba da mutum goma a ƙarƙashinsa. Shi shugaban ba a yi masa siffar gawa. Ana yi masa tufafin masu rai, hannu ɗaya a saki, ɗaya riƙe da bulala, kamar dai sarkin gandu. A wannan zamani ne kuma sunan ushabti ya bazu, daga kalmarsu mai ma'anar amsawa, rubuce-rubuce kuma suka fara kiran su bayi maza da mata.

Mai karatu ya dubi nisan tafiyar. Abin da aka fara da shi a matsayin ni kaina, ya koma bawana. Wasu masana suna danganta wannan da yaƙe-yaƙen Sabuwar Daula a Sham da Nubiya, waɗanda suka cika gandayen sarki da na gidajen bauta da kamammun yaƙi, har mallakar mutum ta zama abin da ido ya saba da shi. Bulalar nan ma tana da abin faɗi. Mutumin da ya ƙi a tilasta shi, da ya sami dama sai ya tanadi mai tilasta wasu, ko da na laka ne. Hali zanen dutse.

Ciniki da Shaida

Yin ɗari huɗu ga mutum ɗaya ba zai yiwu da sassaƙa ba, sai aka koma zubi. Akasari ana yin su da wani irin tangaran: a niƙa farin yashi, a haɗa da kanwa ko toka da ɗan farar ƙasa, a sa garin tagulla don launi, a cusa a mazubin laka, a gasa. Yakan fito shuɗi ko kore yana sheƙi, launin da suke dangantawa da tsiro da sabuwar rayuwa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai ya sayi na laka da aka shafa wa shuɗin fenti don ya yi kama da na masu kuɗi.

A gidan tarihi na Birtaniya akwai wata takarda ta wannan zamani da aka wallafa fassararta a 1971. Takardar ciniki ce. Shugaban masu yin tangaran na gidan bautar Amun yana shaida cewa ya karɓi azurfa daga hannun wani limamin gidan, kuɗin ushabti 401 da ya saya wa mahaifinsa, yana kuma umartar su da su tafi su yi wa mamacin aiki tunda an biya. Haka nan akwai alluna biyu na katako, ɗaya a Paris ɗaya a Landan, na wata babbar mace mai suna Nesihonsu, matar babban limamin Amun, inda aka rubuta hukuncin Amun a kan ushabtinta, cewa ita za su yi wa hidima. Dalilin wannan duka shi ne tsoron kada bawa ya ƙi aiki a can bisa hujjar ba a biya kuɗinsa ba, ko wani ya karkatar da shi. Sun ɗauki lahira wuri ne da ake kai ƙara a nemi takardar shaida.

Waɗanda Ba Su da Mai Amsa Musu

Duk abin da muka faɗa a kan masu hali ne: sarakuna, da limamai, da magatakarda, da ƙwararrun masu sana'a. Manomin da aka ɗebo ya yashe magudana fa? Haƙar da aka yi a maƙabartun talakawa na Amarna, birnin Ahenaton, daga 2006 zuwa gaba, ta ba da amsa. Yawancin gawawwakin a tabarma aka naɗe su aka sa a rami cikin yashi, kusan babu kayan kabari. Ƙasusuwansu sun nuna ƙarancin abinci tun yarinta, da lalacewar gadon baya da gaɓoɓi saboda ɗaukar kaya masu nauyi. A maƙabartar arewa, wadda aka fara haƙa a 2015, mafi yawan mamatan 'yan shekara 7 zuwa 25 ne.

Bisa aƙidar mutanen, wanda ba shi da shabti shi zai amsa da kansa idan an yi kira. Wato wanda ya ɗauki rairayi a duniya shi ne kuma zai ɗauka a lahira, wanda bai taɓa ɗauka ba ya sayi hutu tun kafin ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya ci karo da babi na 125, inda sikeli bai san mai kuɗi ba bai san talaka ba. Misrawa sun riƙe ra'ayoyin biyu tare na tsawon ƙarnoni, kuma babu alamar cin karon ya hana su sayen shabti.

Shabti a Sudan

Al'adar ba ta tsaya a Masar ba. Sarakunan Kush, daga ƙasar da yau take arewacin Sudan, sun ci Masar da yaƙi a ƙarni na takwas K.M. suka kafa gidan sarauta na 25. Sun ɗauki kansu masu farfaɗo da tsofaffin al'adu, suka koma gina dala, suka kuma koma sassaƙa shabti da dutse mai tauri irin na da. Taharƙa, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664 K.M., an binne shi a Nuri kusa da Dutsen Barkal. Lokacin da George Reisner ya haƙa dalarsa a 1917 ya sami shabti fiye da 1,000 an jera su layi layi, masu faffaɗar fuska da kauri, wasu tsawonsu ya haura rabin mita. Wani daga cikin magadansa, Senkamanisken, nasa sun kai 1,277. A Kush sarakuna da matansu ne suke da shabti, bai zama kayan kowa ba kamar a Masar. An raba abin da aka haƙo tsakanin Hartum da Boston. Rabon Hartum ya shiga haɗari bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023, lokacin da aka wawashe gidan tarihi na ƙasar.

Ƙarshen Al'adar

A Masar an ci gaba da yin ushabti masu kyau a zamanin ƙarshe, daga 664 K.M., koraye masu gemu da ɗan murmushi, da ginshiƙi a baya. Flinders Petrie ya ciro 399 na wani limami mai suna Horuja daga kabarin da ruwa ya cika a Hawara, a ƙarshen shekarun 1880. A 1996 masu bincike daga ƙasar Cek suka gano kabarin Iufa a Abusir wanda ɓarayi ba su taɓa ba, da ushabti 408. Fir'auna na ƙarshe ɗan ƙasa, Nektanebo na Biyu, wanda Farisawa suka kora wajen 343 K.M., shi ne sarkin Masar na ƙarshe da aka san ushabtinsa. A zamanin mulkin Girkawa abin ya yi ta ja da baya, kafin Rumawa su karɓi ƙasar a 30 K.M. ya kusa ɓacewa.

Ƙanƙantarsu da yawansu sun sa sun fi kowane kayan tarihin Masar yawo. Bayan Belzoni ya buɗe kabarin Seti na Ɗaya a 1817, ɗaruruwan shabtinsa suka watsu a Turai. A shekarun 1870 fitowar wasu shuɗɗan ushabti masu sunayen manya a kasuwar Luksor tana cikin abin da ya sa hukuma ta gane cewa mutanen ƙauyen Gurna sun gano wata maɓoya, wadda aka buɗe a 1881 aka tarar da gawawwakin manyan Fir'aunoni a ciki. Masar ta haramta cinikin kayan tarihi gaba ɗaya a 1983. Na Tutankamun, da yake ba a raba su ba, suna cikin kayansa da aka tattara a sabon babban gidan tarihi da aka buɗe kusa da dalar Giza a watan Nuwamba na 2025.

Kammalawa

Mun ga cewa shabti ya tsiro ne daga abubuwa biyu, imani da cewa lahira ci gaban duniya ce, da kuma tsoron aikin tilas. Mun ga yadda ya tashi daga guda ɗaya mai wakiltar mamaci ya zama runduna ta 401 da masu bulala, da takardar ciniki a hannu. Darasin da ke nan ga ɗalibin tarihi shi ne, abin da al'umma take faɗa game da lahirarta yakan tona yadda take zaune a duniya, musamman wa yake aiki wa yake hutawa. Rubutun jikin bangon gidajen bauta abin da sarki yake so a sani ne. Ƙaramin abu irin shabti, da takardar masu gudun aiki, da ƙasusuwan Amarna, su ne suke ba mu labarin sauran jama'a. Ya kamata masu nazarin tarihin kowace daula, har da namu, su riƙa neman irin waɗannan shaidu, kada su tsaya ga jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Allah Ya sa mu dace.